Ranar da Inna Ta Soya Bama

Ko yanzu idan na shiga layin masu nono a kasuwar Batsari na ce a ba ni man shanu, yarinya za ta ɗago kai ta tambaye ni bama nawa. Ba farin abin nan da ake shafa wa burodi take nufi ba. Kwalbarsa take nufi, wadda aka wanke aka cika da soyayyen mai. Ita a wurinta mudu ne kawai irin na masu mai, haka ta taso ta tarar. Ni kuwa sai na ɗan tsaya kafin in ba ta amsa, domin a Safana akwai tsofaffin da har yau ba su san ni da wani suna ba sai wannan. Don a ci mini fuska aka laƙaba mini shi, na kuwa amsa shi shekara da shekaru ban taɓa sunkuyar da kai ba.

An haife ni a wata ruga kusa da Wagini, ana gab da samun 'yancin kai. Mu Fulanin zaune ne, muna da shanu, muna noman gero da wake, kuma Hausa ta fi Fulatanci yawa a bakinmu mu yara. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗar sunana, ba ta kuma yi mini magana ido da ido a gaban mutane. Idan tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce a ce wa waccan ruwa ya ƙare, ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gida. Goggo, ƙanwar babanmu, ita ce ta goye ni, ita ke yi mini kitso, ita ke zagina, ita ke shiga tsakanina da uwata kamar tafinta. Wanda bai taso a cikin wannan ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Ni dai ban taɓa kwana ina shakkar Inna ba.

Inna ba mai magana ba ce, kuma ba ta da wani abin tinƙaho a duniya sai man shanunta. Da sassafe take zama ta girgiza gyanɗama har mai ya taso, ta tsame, ta wanke shi a ruwan sanyi, ta cura. Wanda za a ajiye kuwa sai ta soya shi da albasa a wuta kaɗan-kaɗan, tana tsaye a kansa har ya yi garau, ƙamshinsa ya kai bakin garke. A ƙa'idarta ɗanyen mai ba ya tafiya mai nisa, kuma ba a kai wa wanda ake jin nauyinsa. Ranar kasuwar Batsari tana da gurbinta a gindin wata tsamiya, ba wadda ke zama mata ko da ta makara. Mata kan wuce ƙorai goma su zo gabanta su tsuguna. Wannan gurbi shi ne duk sarautar Inna, ba ta da wata.

Aka yi mini aure a Safana a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zubowa. Mijina ɗan kasuwa ne, yana da ɗan kanti a bakin hanya, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya ko ta kaji. A lokacin kullum sai ka ga sabon abu a gari. Madarar gwangwani, kifin gwangwani, shinkafa fara tas wadda ba sai an tsince tsakuwa ba, rediyo a rataye a wuyan makiyayi, malamin makaranta a kan sabon babur. Mutane suka fara kallon abin da suka ci suka girma da shi a kaikaice, kamar ba su san shi ba.

Bama kuwa yayar mijina ce ta shigo da ita gidan. Tana aure a Kaduna, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ta je Makka ta jirgin sama ta dawo da haƙorin zinariya, don haka kowa Hajiya yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Idan ta zo ganin gida takan zo da kwalba ɗaya, ta yanka latas da tumatir, ta zuba farin abin a kai ta juya da cokali, a zagaye ta ana kallo. Na ɗanɗana. Tsakani da Allah ban ƙi ta ba, tana da ɗan tsami da maiƙo, a burodi ma tana tafiya. Ba da bama nake faɗa ba, kuma ban taɓa faɗa da ita ba.

Abin da mutanen unguwarmu suka yi da ita ne abin dariya. Wata maƙwabciyarmu ta roƙi cokali ɗaya ta shafa wa 'yarta a kai kafin kitso, ta ce gashi ya yi laushi, ƙudaje ma suka ce haka. Wani tsoho ya shafa a fason ƙafa. Kafin shekara ta zagayo sunan ya bar kwalba ya shiga bakin mutane. Saurayin da ya je birni ya dawo ba ya iya riƙe fartanya, ɗan bama ne. Bikin da aka yi da kujerun haya da lemon kwalba, bikin bama ne. Idan mace ta fara yatsina tana cewa tuwon dawa yana tsaya mata a ƙirji, sai a ce bama ta taɓa ta. Da bakin da suke wannan ba'ar kuma suke haɗiyar yawu, domin ba wadda ba ta son a ga kwalbar a cikin jeren kwanukanta.

Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida, kamar yadda ake yi. Na haihu namiji, na yi wankan jego a hannun Goggo, wadda ba ta san tausayi ba idan ta riƙe ganyen darbejiya. Inna kuwa tun ina da ciki wata biyar ta fara tanadin gara, wato kayan abincin da iyayen mace ke haɗawa a raka ta da su gidan miji idan ta gama wanka. Gero da wake daga rumbun babanmu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, nakiya da alkaki da aka ba wata mata a Wagini ta yi. Man shanu kuwa nata ne, ta rage wanda take kaiwa kasuwa tana tarawa, ta cika wata babbar samira har wuya. A gara ake auna gidan su mace. Za a baje ta a tsakar gidan miji, mata su shigo su gani, a raba wa dangi da maƙwabta, kuma abin da aka faɗa a ranar shi zai bi ki.

Ana saura 'yan kwanaki in koma sai ga mijina a kan babur, ya zo da ƙunshi a cikin tsumma. Bai iya duban kowa ba. Goggo ya kira gefe ya ba ta, ya ce saƙon Hajiya ne. Za ta zo daga Kaduna da ƙawayenta matan ma'aikata don tarbar jariri, kuma ba ta son su ga gara irin ta daji. Kwalabe biyu ne na bama. A ɗora su a saman kaya, a ce daga gidanmu suke, ba sai kowa ya sani ba.

Ina ɗaki ina jin su. Raina ya ɓaci har nono ya tsaya mini a ranar. Na ce wa Goggo ta mayar masa da abinsa, ta ce in rufe mata baki, surukai ba a mayar musu da hannu. Ta kai wa Inna ta yi mata bayani. Inna ta juya kwalba ɗaya a hannunta ta daɗe tana kallo, ta kai ɗaki ta ajiye.

Washegari da hantsi wani wari ya fito da ni. Na tarar da Inna tsugune gaban murhu, kaskon suyar manta a kan wuta, kwalaben biyu a gefe an kwashe su tas. Abin da ya faru shi ne, ta buɗe don ta ga abin da za a kai da sunanta. Ta ga abu fari mai maiƙo, ta sansana ta ji tsami, ta lasa ta tabbatar. A saninta, farin mai guda ɗaya ne a duniya, kuma idan ya yi tsami to ɗanye ne ya kwana a hanya. Ta ce a ranta mutanen birni ba su san ana soyawa ba, bari ta gyara musu kafin a ji kunya. Ta yanka albasa ta juye shi a kasko.

Bama ba ta son wuta, ashe. Ta tsinke, wani mai kamar na gyaɗa ya taso sama, sauran ya dunƙule ya yi gudaji-gudaji yana kama ƙasan kasko. Inna ta rage wuta, ta juya, ta jira ya yi garau kamar yadda nata ke yi. Bai yi ba. Ban taɓa ganin mai ya gagare ta ba sai ranar. Daga ƙarshe ta sauke, ta kai bayan garke ta zubar, ta dawo ta wanke kwalaben da toka da ruwan zafi, ta kife su a rana. Da suka bushe ta soya sabon mai daga nonon saniyar da ta fi so, ta tace da ƙyalle, ta cika su, ta rufe. Ta faɗa wa Goggo, ba ni ba, cewa abin mutanen ya lalace a hanya, amma ga mai kyau ta sa musu a madadinsa, kada a gaya musu don kada su ji nauyi.

Ni na san bai lalace ba, haka yake. Na buɗe baki zan faɗa, na dubi yadda ta jera kwalaben a kan faifai tana goge su da gefen zane, sai na fasa. Har yau ban ga laifin wannan shirun ba. Kwalaben sun yi kyau, man ya yi ruwan zinariya a cikinsu, kuma a karo na farko komai na cikin garar namu ne.

Uwa ba ta raka 'yar fari, don haka Goggo da wasu mata uku suka kai ni a bayan a-kori-kura, mu da buhuna da samiru. Gidan ya cika. Aka baje kaya a kan tabarmi a tsakar gida, aka zaunar da ni a bakin ƙofar ɗakin uwar mijina, jariri a cinya, mayafi har goshi. Abin da ake so ga mai dawowa daga wanka ke nan, ta yi ƙiba, ta yi haske, ta yi shiru. Biyun farko na cika su.

Hajiya ta fito da ƙawayenta suna ƙamshin turare. Ta bi kayan da ido sama-sama, ta wuce gero, ta wuce samirar mai ko buɗewa ba ta yi ba, ta miƙa hannu kan kwalaben tun kafin ta dube su da kyau. Sai ta ga launin. Ta ɗaga ɗaya sama ta karkata ta, ta tambayi Goggo mene ne wannan, ina abin da ke ciki.

Goggo ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta gyara zama ta ce, "Ai Hajiya, abin ya yi tsami. Uwar ɗiyar ta soya shi da albasa ko zai gyaru, ya ƙi. Shi ne ta zuba maku mai na ƙwarai."

Ɗaya daga cikin matan Kaduna ce ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Sai Hajiya ta saki tata, haƙorin Makka a waje, tana maimaitawa wai an soya bama da albasa. Tsakar gida ta ɗauka. Har maƙwabciyar nan da ta shafa wa 'yarta a kai tana riƙe ciki, ita da ƙudaje suka raka 'yarta makarantar allo. Hajiya ta ce Allah Ya kyauta, ɗan ƙanenta dai ya sha nonon daji, sai a yi ta addu'a. Ta miƙa wa wata yarinya kwalaben ta ce a juye wannan a wanke mata abinta. Goggo ta yi tsuru-tsuru, tana duban fuskoki tana neman inda ta yi kuskure.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na saɓa jariri a kafaɗa, mayafi ya zame na bar shi a ƙasa. Na taka har tsakiyar tabarma na karɓe kwalaben daga hannun yarinyar, ɗaya a hannu ɗaya a hammata.

"Yaya," na ce, "wannan ba ya cikin rabo. Uwata ta soya shi, ni zan ci."

Ta ce in koma in zauna, ba a san amarya da baki ba. Na ce ai na haihu, amarci ya ƙare.

"Abin da gidanmu ke da shi, shi muka kawo, ga shi nan a shimfiɗe ba mu ɓoye komi ba. Bama kuwa ba mu saye ta ba, ba mu roƙa ba. Ke kika aiko da ita cikin tsumma, kika ce a ce tamu ce don baƙinki. In akwai mai jin kunya yau a gidan nan, ba uwata ba ce."

Dariyar ta ɗauke. Matan Kaduna suka shiga gyara ɗankwali suna kallon katanga. Uwar mijina ta yi salati a hankali. Goggo ta jawo ni ta baya tana ce mini mara kunya, mara ta-ido, amma riƙon da ta yi wa hannuna ba na mai fushi ba ne. Na shige ɗakina da kwalabena na ajiye su a saman jere, inda duk mai shigowa zai gani.

Na biya kuɗin bakina, ba zan ce ban biya ba. Mijina ya yi kwanaki yana shiga yana fita ba ya ce mini komai sai sallama. Aka sa ni na je na durƙusa gaban Hajiya kafin ta koma. Na durƙusa, domin ta girme ni kuma yayar mijina ce. Na ce ta yafe mini ɗaga murya. Ta jira sauran, ni ma na jira, har uwar mijina ta ce to ya isa, a tashi. Tun daga ranar matan unguwa suka sa mini Bama. Da farko a bayan idona, daga baya yara suka fara kira a bakin rijiya. Na juya na amsa da ƙarfi, na tambaye su wa ke nemana. Sunan da mai shi ke amsawa da fara'a ba ya daɗin tsokana, amma ya riga ya zauna.

Duk wannan bai dame ni ba kamar labarin da ya zo daga gida. 'Yan kasuwar Safana suna cin kasuwar Batsari, kuma labari irin wannan ba ya jiran mota. Ranar kasuwar da ta biyo, Inna tana zaune a gindin tsamiyarta wata mata ta tsuguna kamar mai saye, ta tambaye ta ko tana da soyayyiyar bama. Layin ya yi dariya. A nan Inna ta fara jin cewa abin bai lalace ba, ita ce ba ta sani ba, kuma an yi dariyarta a gaban surukai da baƙi. Ta rufe ƙoranta ta ɗora a kai tun rana ba ta yi tsaka ba. Daga nan ba ta sake zuwa ba. Nono sai ta ba matar ƙanen babanmu ta kai mata. Wata mata daga wajen Karare ta zauna a gurbinta. Goggo da ta zo duba jariri ta ce ko soya mai ta daina, sai ɗan wanda za a ci a gida.

Na yi kuka, na kuma yi fushi, har da ita Innar. Mace ta yi shekaru ana layi a gabanta, a ce abin cikin kwalba ya kore ta daga gurbinta? Amma ba ni da bakin gaya mata. Ko na je, randa za ta duba ta yi magana.

Sai na ci man. Kullum na zuba a tuwo, na zuba a ɗanwake, na shafa wa yaro a jiki bayan wanka, wanda ya shigo na ba shi ya ɗanɗana ko bai tambaya ba. Mijina ya ci, ya sake miƙo kwano. Da kwalaben suka ƙare na wanke su, na ba Goggo na ce ta kai wa Inna. Ta leƙa ciki ta ce ba a mayar da mazubi wayam, ko gishiri ne in zuba, kada in ƙara wa uwata wani abin kunyar. Na ce haka nake so a kai su, da murfinsu a buɗe. Ta tambaye ni mi za ta ce idan an tambaye ta. Na ce ta ce waccan ta ce ya ƙare.

Makonni suka wuce ban ji komai ba. Damina ta sauka, hanya ta ɓaci, Goggo ba ta zo ba. Na fara tunanin ko na yi wauta, ko Inna ta ɗauka ni ma gori nake yi mata.

Wata ranar kasuwa mijina ya dawo daga Batsari da la'asar, ƙafafun wandonsa duk laka. Ya jingine babur, ya shigo har ɗaki, ya ciro kwalba ɗaya daga aljihun babbar riga ya ajiye a gabana. Cike take har murfi, da sauran ɗumin rana a jikinta. Ya ce ya bi ta layin masu nono ya hango Inna a gindin tsamiya, mai Karare ta matsa gefe. Ɗayar kwalbar tana gabanta a kan faifai, da ita take auna wa mutane, kuma duk wadda ta zo da tsokana sai ta nuna mata kwalbar ta tambaye ta cike ko rabi. Ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ita kuma ta juya masa gefe kamar yadda suruka ke yi. Ta tura wannan da bayan hannu zuwa wajensa.

Na tambaye shi ko ta ce wani abu. Ya sosa ƙeya, ya ce ba da shi ta yi ba, da ƙwaryar nono ta yi.

"Cewa ta yi, a ce wa waccan ta rage baki."

Na buɗe murfin na sansana. Da albasa ta soya shi, ta kuma danna shi sosai har babu wurin iska. Na tashi na ɗora tukunyar tuwo, bakin kuwa ban rage ba.